Yaya za a buɗe maƙalar shari'ar matasa biyar na Central Park a Wikipedia ta Hausa?

Sani_Asawase:
Assalamu alaikum 'yan uwa editoci na Kumasi da sauran zangonni. Ina aiki a kan maƙalar shari'ar matasa biyar na Central Park, wato yaran nan na birnin New York da aka kama a watan Afrilu na 1989 bisa zargin dukan wata mata da ta fita gudun motsa jiki a Central Park, babban lambun shaƙatawa na birnin, da kuma yi mata fyaɗe, aka same su da laifi a 1990 aka ɗaure su, sannan kotu ta soke hukuncin a Disamba ta 2002. Abin da ya tsayar da ni shi ne sakin layi na farko. A daftarin da na tarar, an fara da cewa matasa biyar ne da aka samu da laifin fyaɗe, kuma sai mai karatu ya gangara can ƙasa kafin ya ga cewa an wanke su. Editan da ya fara rubutun ya ce haka tarihi ya zo, don haka a bi shi daki-daki. Ni kuwa ina ganin yawancin masu karatu a waya ba sa wuce layuka uku na farko. Tambayata biyu ce: da me ya kamata a buɗe maƙalar, kuma wane gurbi za a bai wa waɗanda har yau suke cewa yaran suna da hannu?

Malam_Tanko_Aboabo:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Amsar tambayarka ta farko tana cikin ƙa'idar Wikipedia kanta, domin an ce gabatarwa ta taƙaita maƙalar baki ɗaya, ba farkon labarin kawai ba. Idan aka ɗaure mutum sannan aka soke hukuncin, to abu biyun nan dole su zo tare tun a jimlar farko ko ta biyu. Bin tarihi daki-daki aikin jikin maƙala ne. Sannan kada a manta cewa mutanen nan biyar, Antron McCray da Kevin Richardson da Yusef Salaam da Raymond Santana da Korey Wise, suna raye, saboda haka ƙa'idar rubutu a kan rayayyun mutane ta hau kansu, kuma ita ce mafi tsauri a cikin ƙa'idojin da muke aiki da su.

Rabi_Sawaba:
Na goyi bayan Malam Tanko. Zan ƙara da cewa shekarunsu ma su shiga gabatarwar, domin lokacin da aka kama su suna tsakanin shekara 14 da 16 ne. Wanda bai san haka ba zai ɗauka magidanta ne, kuma ba zai gane dalilin da ya sa batun iƙirarin da suka yi a hannun 'yan sanda ya zama ginshiƙin shari'ar ba.

Dan_Tafo:
Ku yi mini haƙuri, ni ne na rubuta daftarin farko, kuma ban ga inda na faɗi abin da ba gaskiya ba. An same su da laifi a kotu, masu taimaka wa alƙali yanke hukunci sun saurari shaidu, kuma su da bakinsu suka amsa. Mu ba lauyoyinsu ba ne. Idan muka buɗe da cewa an zalunce su, mun ɗauki ɓangare, alhali an ce mu tsaya a tsakiya.

Lauya_Bashir:
Ɗan'uwa Dan_Tafo, akwai gyara a maganarka, kuma gyaran yana da nauyi a shari'a. Ba su amsa laifi a gaban kotu ba. Iƙirarin da ake magana an yi shi ne a hannun 'yan sanda bayan an shafe sa'o'i masu yawa ana yi musu tambayoyi. Huɗu daga cikinsu an ɗauke su a bidiyo, Yusef Salaam kuwa ba a ɗauke shi ba kuma bai sa hannu a takarda ba. Daga baya duk sun janye, suka ce tilasta musu aka yi, kuma a gaban alƙali sun musanta tuhumar. Bugu da ƙari, bayanan nasu sun saɓa wa juna a kan wurin da abin ya faru da yadda ya faru, kuma babu wanda ya ce shi da kansa ya yi fyaɗen, kowa yana ɗora wa wani. Tun a lokacin shari'ar an san cewa ƙwayoyin halittar DNA da aka samu a wurin ba na ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Wannan kuskure na cewa sun amsa laifi a kotu ba ƙarami ba ne, domin yana cikin abubuwan da suka sa su biyar ɗin suka kai Donald Trump ƙara a Oktoba 2024, bayan ya faɗi haka a muhawararsa da Kamala Harris, har ya ƙara da cewa an kashe mutum, alhali matar ba ta mutu ba. Bai kamata maƙalarmu ta maimaita irin wannan ba.

Game da tsayawa a tsakiya, ba a nufin a raba maƙala gida biyu daidai wa daida. Ana nufin a bai wa kowace magana nauyin da ingantattun majiyoyi suka ba ta. A 2002 wani fursuna mai suna Matias Reyes, wanda yake zaman ɗaurin da zai iya kaiwa rai-da-rai saboda fyaɗe da kisan kai, ya ce shi kaɗai ya aikata, gwajin DNA ya tabbatar da cewa nasa ne aka samu, kuma ofishin babban mai gabatar da ƙara na Manhattan, Robert Morgenthau, wato ofishin da ya gurfanar da su tun farko, shi ne ya goyi bayan a soke hukuncin. Alƙali Charles Tejada ya soke a ranar 19 ga Disamba 2002. Wanda ya rubuta wannan a gabatarwa bai ɗauki ɓangare ba, abin da ke rubuce a kundin kotu ya faɗa.

Dan_Tafo:
Na gode, Lauya. To amma rahoton 'yan sanda fa? Shi ma a rubuce yake.

Lauya_Bashir:
Yana nan, kuma ban ce a jefar da shi ba. Rundunar 'yan sandan New York ta kafa kwamiti ƙarƙashin lauya Michael Armstrong, wanda ya fitar da rahoto a Janairun 2003, inda ya ce bai ga laifin jami'an da suka yi binciken ba, kuma a ganinsa mai yiwuwa ne matasan sun taka rawa a harin tare da Reyes. Sai a rubuta shi da sunan masu shi, a ce kwamitin da rundunar ta kafa ya ce kaza, a kuma sanar da mai karatu cewa rundunar da ake zargi da tilasta iƙirari ita ce ta kafa kwamitin. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a ɗora wannan rahoto a sikeli ɗaya da hukuncin kotu, domin ra'ayin kwamiti ba ya ɗaure kowa kuma ba ya wanke kowa.

Baba_Akwatia_Line:
'Ya'yana, ni ba gwanin kwamfuta ba ne, jikana ne ya saka ni a wannan zaure, amma ina karanta abin da kuke rubutawa. Ku tuna da ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam. Da manzon sarki ya zo fitar da shi daga kurkuku, bai yi gaggawar fita ba, sai ya ce a koma a tambayi matan da suka yanke hannayensu, har gaskiya ta fito a bainar jama'a. Ya nuna cewa fita daga kurkuku daban, tsarkake suna daban. Malamanmu na fiƙihu ma sun yi dogon bayani a kan iƙirarin wanda aka tilasta, kuma an san ƙa'idar tunkuɗe haddi idan akwai shubuha. Magana zarar bunu ce. Idan kuka rubuta sunan mutum kusa da kalmar fyaɗe, ku tabbata wankewar tana manne da ita a wuri guda.

Rabi_Sawaba:
Allah ya ƙara girma, Baba. Sai dai ina tunatar da matasanmu cewa wannan nasiha ce gare mu masu rubutu, ba abin da za a saka a cikin maƙalar ba ne, domin Wikipedia ba ta karɓar sharhin edita komai kyansa. A can sai abin da ke da madogara.

Zainabu_Nima:
Gaisuwa daga Accra. Duk an mai da hankali a kan mazan, ni kuwa matar ce a raina. Shekarunta 28 a lokacin, ta yi kwana 12 ba ta cikin hayyacinta, kuma da ta farfaɗo ba ta iya tuna abin da ya same ta ba. Ita ma an zalunce ta sau biyu, domin wanda ya yi mata aika-aikar bai taɓa fuskantar shari'a a kan wannan laifi ba, saboda wa'adin da doka ta ɗiba na gurfanar da shi ya riga ya wuce lokacin da ya yi iƙirarin. Ina roƙon kada maƙalar ta mayar da ita wata inuwa da ake ambata a layi ɗaya a wuce. Sannan ina tambaya, shin za a rubuta sunanta? A al'adarmu ta zango ba a kiran sunan macen da irin wannan ya faru da ita.

Malam_Tanko_Aboabo:
Tambaya ce mai kyau, 'yar'uwa Zainabu. A 1989 yawancin kafafen labarai sun ɓoye sunanta, ko da yake wasu jaridun baƙaƙen fata na birnin sun buga shi, suna masu cewa tunda an fallasa sunayen yara ƙanana da ba a ma yanke musu hukunci ba, babu adalci a rufa wa ɓangare ɗaya asiri. Amma a 2003 ita da kanta ta fito ta bayyana sunanta a littafin da ta rubuta, kuma ta ci gaba da magana a bainar jama'a. Saboda haka a ƙa'ida babu abin da ya hana a rubuta. Abin da nake ganin ya dace a taƙaita shi ne bayanin raunukan da ta ji, a faɗi girman abin ba tare da zayyana abin da zai ci mata mutunci ba.

Zainabu_Nima:
Na fahimta, Malam, amma ban gamsu gaba ɗaya ba. Ta bayyana kanta ga jama'ar Amurka ne, kuma ban ga abin da mai karatu a Nima ko Aboabo zai rasa ba idan aka ce wata mata ma'aikaciyar banki mai shekara 28. Zan rubuta wannan a shafin tattaunawar maƙalar domin sauran editoci na Najeriya da Nijar su ma su faɗi ra'ayinsu.

Idi_Kejetia:
Ni tambayata ta bambanta. Me ya kai mu New York alhali muna da namu a gida? A nan Ghana akwai malamin makarantar nan na Tamale da aka yanke wa ɗaurin shekara 15 a 2005 bisa zargin lalata da ɗalibarsa, wanda Kotun Ƙoli ta wanke a 2017 bayan gwajin DNA ya nuna cewa ba shi ne uban yaron da aka haifa ba. Akwai kuma mutanen da suke shafe shekaru suna zaman jiran shari'a ba tare da an yanke musu hukunci ba, wanda shi ne ya sa aka ƙirƙiro shirin Justice for All a 2007, inda alƙalai suke shiga gidajen yari irin na Nsawam su saurari ƙararraki a can. Wani ɗan unguwarmu ya yi shekaru a tsare a kan kayan shago da ba shi ya ɗauka ba, aka sake shi babu ko ban-haƙuri, kuma har yau wasu ba sa yarda su bar shi shi kaɗai a rumfarsu. Wa zai rubuta nasa?

Lauya_Bashir:
Malam Idi, ciwon da ka faɗa gaskiya ne, amma a nan ne ƙa'idar ta fi tsanani. Ɗan unguwarku ba za a yi masa maƙala ba, domin babu jarida ko littafi da ya rubuta labarinsa, kuma Wikipedia ba ta karɓar abin da edita ya gani da idonsa. Wannan kariya ce gare shi, tunda da zarar sunansa ya hau intanet tare da kalmar sata, to ya hau ke nan. Shari'ar malamin Tamale kuwa tana da hukuncin Kotun Ƙoli da rahotannin jaridu, don haka ana iya rubuta ta, amma a matsayin maƙalar shari'a, ba tarihin rayuwarsa ba, domin mutum ne da aka sani da abu guda kawai, kuma yarinyar da yaron ba za a ambaci sunayensu ba ko kaɗan. Idan za a rubuta, a haɗa da sashe na 14(7) na kundin tsarin mulkin Ghana na 1992, wanda ya ba Kotun Ƙoli ikon bayar da diyya ga wanda ya yi zaman kaso sannan aka wanke shi a ɗaukaka ƙara, da sashe na 19(2)(c) da ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar ko ya amsa. Mutanenmu da yawa ba su san da waɗannan ba.

Sani_Asawase:
Malam Idi, na ɗauki shawararka, kuma idan ka fara daftarin ta Tamale zan taya ka nemo madogara. Amma bari mu dawo kan wadda ke gabanmu. Ga abin da na tsara yanzu: jimla ta farko ta faɗi ranar harin, 19 ga Afrilu 1989, da wurin, ta biyu ta ce an ɗaure matasa biyar, baƙaƙen fata huɗu da ɗan asalin Latin Amurka ɗaya, bisa iƙirarin da suka janye, kuma an soke hukuncin a 2002 bayan iƙirarin Reyes da gwajin DNA, ta uku ta kawo sasantawar 2014, inda birnin New York ya biya su dala miliyan 41. Rahoton Armstrong zai shiga sashen abin da ya biyo baya.

Mariya_Bantama:
Yaya Sani, a kan kuɗin nan akwai abin lura. Birnin ya biya, amma a takardar sasantawar bai amsa cewa jami'ansa sun yi ba daidai ba. Idan aka rubuta diyya kawai aka yi shiru, mai karatu zai ɗauka kotu ce ta kama birnin da laifi. Sun shigar da ƙarar tun 2003, gwamnatin magajin gari Michael Bloomberg ta ƙi sasantawa, sai da Bill de Blasio ya hau aka daidaita. Haka kuma ba a raba kuɗin daidai ba. Korey Wise ya fi kowa samu, domin shi ne mai shekara 16 da aka yi wa shari'a a matsayin babba, ya yi kusan shekara 13 a gidajen yarin manya, sauran kuwa sun yi tsakanin shekara shida zuwa bakwai. Wani abin da daftarin ya haɗe wuri guda shi ne tuhume-tuhumen, alhali shari'a biyu aka yi a 1990 kuma ba laifi iri ɗaya aka same su da shi ba. Shi Wise ba a same shi da laifin fyaɗe ba tun a lokacin. Jimlar da ta ce an samu su biyar da laifin fyaɗe kuskure ce ko da ba a soke komai ba.

Dan_Tafo:
Wannan na ƙarshe hujja ce, 'yar'uwa Mariya, kuma a gyara. Amma har yanzu ina kan bakana a kan abu ɗaya. A daren nan an kai wa wasu mutane hari a cikin lambun, masu gudu da masu keke, kuma gungun matasa ne suka yi. Idan maƙalar ta yi shiru a kan wannan, ta zama wasiƙar yabo. Ita ma matar ta taɓa cewa tana ganin ba mutum ɗaya ne ya kai mata hari ba.

Malam_Tanko_Aboabo:
Babu wanda ya ce a yi shiru. Hare-haren sun faru kuma a rubuta su, maganar matar ma a kawo ta da sunan cewa ra'ayinta ne, tare da bayanin cewa ba ta tuna harin. Amma a rubuta kuma cewa hukuncin 2002 ya soke dukkan laifukan da aka ɗora wa su biyar ɗin, har da na waɗancan hare-hare, saboda duk a kan iƙirari guda aka gina su. Akwai ma na shida, Steven Lopez, wanda ya amsa laifin fashi don ya kauce wa tuhumar fyaɗe, shi ma aka soke nasa hukuncin a 2022. Abin da nake tsoro shi ne salon rubutun da ba ya faɗin zargi a fili amma yana barin ƙofa a buɗe, irin su a ce ko da yake an sake su, ko kuma wai an ce ba su da laifi. Kalmar wai guda ɗaya tana iya mayar da mutum kurkuku a zuciyar mai karatu. Ku tuna abin da ya haifar da wannan ƙa'ida: a 2005 wani ya rubuta ƙarya a Wikipedia ta Turanci cewa an taɓa zargin ɗan jarida John Seigenthaler da hannu a kisan shugaban Amurka John Kennedy da ƙaninsa Robert, rubutun ya yi watanni ba wanda ya lura. A Wikipedia ta Hausa, inda masu sa ido ba su da yawa, irin wannan yana iya daɗewa fiye da haka.

Rabi_Sawaba:
Na duba madogaran daftarin yanzu. Uku daga ciki bidiyon YouTube ne, ɗaya kuma fim ɗin da Netflix ta fitar a 2019. Fim wasan kwaikwayo ne, ana iya ambatarsa a sashen tasirin shari'ar, amma ba a kafa hujja da shi a kan abin da ya faru a ɗakin tambayoyi. A koma ga rahotannin manyan jaridu da takardar da ofishin Morgenthau ya miƙa wa kotu. Tallar da Trump ya biya aka buga a jaridu huɗu na birnin a ranar 1 ga Mayu 1989, yana kira a dawo da hukuncin kisa, ita ma a kula da yadda za a rubuta ta, domin ba ta ambaci sunayen yaran ba, ko da yake kowa ya san lokacin da ta fito da abin da ake ciki.

Idi_Kejetia:
To a ƙara da cewa Yusef Salaam ya ci zaɓen majalisar birnin New York a 2023 yana wakiltar unguwar Harlem. Shi kam ya cancanci maƙalarsa daban a matsayin ɗan siyasa, kuma a can bai kamata jimlar farko ta fara da kurkuku ba.

Sani_Asawase:
Na saka gyare-gyaren Mariya da na Lauya a shafin gwaji, na kuma cire bidiyoyin da Hajiya Rabi ta nuna. Saura abu biyu da ba mu daidaita ba: sunan matar, wanda Zainabu za ta kai shafin tattaunawa, da taken maƙalar. Dan_Tafo yana son a sa mata sunan shari'ar kamar yadda ta Turanci ta yi, Malam Idi kuma ya turo mini saƙo cewa a sa sunan matasan biyar da aka wanke. Malam Tanko, kai da ka fi mu daɗewa a aikin, wanne ƙa'idar sanya take ta fi karkata gare shi?

Malam_Tanko_Aboabo:
Ta fi karkata ga sunan shari'ar, domin maƙalar ta ƙunshi matar da Reyes da 'yan sanda, ba su biyar kaɗai ba, sannan a sa ɗaya taken ya riƙa tura mai karatu zuwa maƙalar don wanda ya nema da shi ya iso. Amma kada a matsar da shafin tukuna. A bar shawarar a shafin tattaunawa na mako guda, Malam Idi ya rubuta hujjarsa a can da hannunsa.